Bod ya ƙi ganin na'urar da ka jona masa? Tsaya tukuna kafin ka zagi direba

Maganar da na fi ji a bakin masu haɗa ƙananan na'urori da Linux ita ce "direban nan ba ya aiki, ya ƙi ganin sensa ta". Ni ma na sha faɗin haka, sai daga baya in gano direba, wato kod ɗin da ke sa Linux ya iya magana da na'ura, bawan Allah ko kiransa ba a yi ba balle a ce ya ƙi zuwa. Shi "ya ƙi gani" ɗin nan fa ba ciwo ɗaya ba ne, sarƙa ce mai gaɓoɓi: sai cif ya samu wuta ya farka, sai ya amsa a kan waya, sai kanel, wato zuciyar Linux, ya san da zamansa, sai a samu direban da sunansa ya dace da nasa, sai direban ya gwada shi ya yi nasara, sannan ne za ka ga wani fayil da za ka karanta. Ko'ina ta tsinke a cikin waɗannan, kai abin da za ka gani iri ɗaya ne, shiru. To aikinka na farko shi ne gano inda ta tsinke, kuma daga ƙasa ake farawa, daga waya, ba daga kod ba.

Amma akwai abu ɗaya da in ba ka gane shi ba za ka daɗe kana wahala. Na'urori kashi biyu ne. Akwai masu faɗin sunansu da kansu, wato na USB da PCI, kana jonawa za su ce ga lambar kamfanina ga lambata, kanel ya duba cikin direbobinsa ya ga wa ya san wannan. Sai kuma irin su I2C da SPI da UART, waɗanda su ba sa gabatar da kansu ko kaɗan, ko shekara cif ɗin zai yi a jone da wuta a jikinsa kanel ba zai taɓa sanin yana nan ba sai an gaya masa. A kwamfutar tebur ACPI ne ke wannan bayani, a yawancin bod ɗin ARM kuwa wani fayil ne da ake kira dibais tiri, bishiyar na'urori kenan, wanda ya samo asali daga Open Firmware, aka daɗe ana amfani da shi a PowerPC, sannan ɓangaren ARM ya koma kansa daga wajen 2011 bayan Linus Torvalds ya yi ta faɗa a kan yadda kowane bod ke zuwa da nasa tarin kod a cikin kanel. Wanda ya saba da "jona kawai ya yi aiki" na laftof nan yake fara ruɗewa.

To mu fara. Ɗauko mita.

Na san ba abin da mutum ke son ji ba ne, ka zauna da niyyar gyaran sofwaya an ce ka ɗauko mita, amma minti biyar ɗin nan shi ke ceton kwana uku. Auna wuta a kan ƙafar cif ɗin kanta, ba a bakin inda wayar ta fito daga bod ba, don tsakanin nan da can akwai waya mai karyewa ta ciki da soda da bai kama ba. In cif na 3.3V ne ka tabbata abin da ya isa gare shi kenan. Ka duba giraund ɗin bod da na na'urar a haɗe suke, musamman in kowanne da tasa wutar daban. In I2C ne, a lokacin da ba a aika komai layukan SDA (na data) da SCL (na kulok, mai buga lokaci) duka biyun ya kamata su zauna a sama, kusan 3.3V, saboda su cif ɗin ja ƙasa kawai suke iya yi, resisto ne ke mayar da layin sama, galibi ana sa 4.7k. Raspberry Pi yana da nasa na 1.8k a kan GPIO2 da GPIO3, shi ya sa mutane da yawa ba su ma san ana buƙatarsu ba sai ranar da suka koma wani bod ɗin da babu, komai ya yi tsit. In ka ga layi ɗaya a sifili to ko babu resisto, ko akwai shot, ko wani cif ya maƙale ya riƙe layin, wannan na ƙarshen cire wuta gaba ɗaya a mayar yakan sake shi, ribut kawai ba lallai ya isa ba don cif ɗin bai rasa wuta ba. Sannan ka sake kallon SDA da SCL ko ka juya su, kar ka ce kai ka wuce nan, babu wanda ya wuce nan.

In wuta lafiya sai a kira suna a ga wa zai amsa. Da farko ga bas nawa kanel ya sani, bas kuwa shi ne layukan wayar da cif ke jone a kai:

i2cdetect -l

In bai nuna komai ba, ko babu /dev/i2c-1 da makamantansa, to matsalar ma ba ta kai ga sensa ba, bas ɗin kansa ne ba a kunna ba, ko modul ɗin i2c-dev ba a loda ba. A Raspberry Pi layin dtparam=i2c_arm=on ake sawa a config.txt, kuma ka lura tun fitowar Raspberry Pi OS Bookworm a 2023 fayil ɗin ya koma /boot/firmware, mutum sai ya yi ta gyara na tsohon wuri yana mamaki. In bas yana nan:

i2cdetect -y 1

Zai zana maka tebur na adireshi. Inda ka ga layi biyu babu wanda ya amsa, inda ka ga lamba akwai cif a nan ya amsa kuma ba direban da ya riƙe shi, inda ka ga UU kuwa albishir ne ba matsala ba, ma'anarsa wani direba ya riga ya kama wannan adireshin. Na ga wanda ya kwana yana neman yadda zai kawar da UU alhali abin da yake nema kenan tun farko. In duk teburin ya cika da lambobi kamar cif ɗari ka jona, ƙarya ne, yawanci SDA ne ya maƙale a ƙasa. Kuma kar ka riƙa wannan kiran sunan barkatai a kan bas ɗin da ke ɗauke da cif mai kula da wutar bod, wasu cif ɗin ba sa son a taɓa su haka.

Maganar adireshi ita ma tana da tarko. Linux da adireshi mai bit 7 yake aiki, daga 0x08 zuwa 0x77, amma wasu takardun cif da wasu ƙananan bod suna rubuta mai bit 8, wanda aka haɗa da bit ɗin karatu ko rubutu. Ƙaramin sikirin ɗin nan na OLED mai SSD1306 misali ne mai kyau, a bayansa za ka ga an buga 0x78, kai kuma ka sa 0x78 a ko'ina ya ƙi, alhali a wurin Linux 0x3C ne, raba biyu kawai za ka yi. Sai karo: agogon DS3231 yana kan 0x68, MPU6050 shi ma 0x68, ka jona su a bas ɗaya za ka ga lamba ɗaya tal a tebur kuma duk abin da ka karanta shirme ne don su biyu ke amsawa a tare. Maganinsa ka ɗaga ƙafar AD0 ta MPU6050 zuwa sama ya koma 0x69.

Sai dai fa shiru a tebur ba kullum yake nufin cif ya mutu ba, wannan ya kamata ka riƙe. Sensar kyamara da wasu cif na sauti da na taɓa sikirin ba sa amsa I2C sai an kunna musu wuta ta wani regyuleto, an ba su kulok, an sake musu ƙafar riset, kuma direba ne ke yin duk wannan lokacin da ya zo gwada su. To kafin nan ko ka kira ba za su amsa ba. Irin waɗannan sai ka buɗe takardar cif ka karanta sashen yadda ake tayar da shi.

Bari in ba ka abin da ya taɓa faruwa da ni don ka ga amfanin tambayar cif kai tsaye. Na sayi ɗan bod a matsayin BME280, mai auna zafi da matsin iska da danshi, na jona, ya fito a 0x76 lafiya lau, na rubuta bishiya daidai, amma direba ya ƙi kamawa. Na sake kompayil ɗin kanel har sau biyu, na canza waya, na rage gudun bas daga 400kHz zuwa 100kHz, duk a banza. Da na gaji sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko:

i2cget -y 1 0x76 0xd0

Rajista 0xD0 nan ne cif ɗin ke ajiye lambar shaidarsa. BME280 na gaske 0x60 yake bayarwa. Nawa ya ce 0x58, wato BMP280 ne, ƙaninsa da ba ya auna danshi, an dai buga sunan yayan a jikin bod ɗin. Da na koma log sai ga shi direba tun a but na farko ya rubuta bad chip id, ni ne ban karanta ba. Kusan kowane cif yana da irin wannan rajistar, wasu suna kiranta WHO_AM_I, nemo ta a takarda ka tambaye shi da bakinsa.

Wannan ya kawo mu dmesg, umarnin da ke nuna log ɗin kanel, wanda gaskiya da shi ya kamata ka riƙa buɗe ido kullum. Kar ka karanta duka, tace, kuma ka lura direban BME280 sunansa bmp280:

dmesg | grep -i -e i2c -e bmp280 -e probe -e fail

Ko ka bar dmesg -w a buɗe a tamina ɗaya kana jonawa da cirewa kana kallo. In ba ka ga ko layi ɗaya da ya ambaci na'urarka ko direbanta ba, to wannan shirun ma bayani ne, sau da yawa yana nufin ba a kai ga gwaji ba, ko kanel bai san da na'urar ba ko bai samu direban da ya dace ba. Yadda za ka raba biyun nan:

ls -l /sys/bus/i2c/devices/

In akwai 1-0076, wato bas na 1 adireshi 0x76, kanel ya san da ita. Shiga ciki ka duba ko akwai wani abu mai suna driver da ke nuni zuwa wata folda. Akwai na'ura babu driver, matsalar direba ce ko suna. Babu 1-0076 ɗin ma sam, matsalar bishiya ce.

Mu ɗauki ta bishiya tukuna, don nan aka fi zubar da hawaye. Abin da ake rubutawa bai da yawa:

&i2c1 {
    status = "okay";
    bme280@76 {
        compatible = "bosch,bme280";
        reg = <0x76>;
    };
};

Ƙaramin abu, amma kowane layi na iya kayar da kai. Masu yin cif suna barin yawancin bas a "disabled" a fayil ɗinsu na asali, kai ne za ka mayar "okay", kuma in uwar tana kashe to duk 'ya'yan da ke ƙarƙashinta ba za a kalle su ba komai kyan rubutunsu. Sunan compatible kuwa harafi da harafi ake gwada shi da wanda ke cikin direba, ba kusan-kusan, waƙafi a tsakiya ba tazara, in ka rubuta sunan ba daidai ba babu wanda zai yi maka gargaɗi, shiru kawai za ka ji. Kar ka rubuta shi da ka, je ka kwafo daga Documentation/devicetree/bindings a cikin kod ɗin kanel ɗin da kake amfani da shi, ko ka yi grep a foldar drivers. A nan ne kuma za ka ga sauran abubuwan da direban ke buƙata dole, kamar intarof ko kulok ko ƙafar riset.

Babban abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, kar ka yarda da fayil ɗin da ka rubuta, ka yarda da wanda kanel ya karɓa. Sau nawa mutum zai gyara dts, wato rubutun bishiyar, ya yi kompayil ya zama dtb, ya kwafa, ya yi ribut, ashe U-Boot, butlodan da ke tayar da kanel, wani dtb daban yake lodawa daga wani fatishan ko da wani suna, gyaransa ko kusa bai shiga ba. Abin da ke aiki yanzu yana /proc/device-tree, za ka iya shiga kamar folda kana cat, ko ka mayar da shi rubutu gaba ɗaya:

dtc -I fs -O dts /proc/device-tree > yanzu.dts

Nemi na'urarka a ciki. In babu ta, bar batun direba, koma butloda ka yi printenv ka ga fdtfile da inda yake ɗaukowa. Ni abin da nake yi in na fara shakka, sai in canza layin model a bishiyar in ƙara wata kalma tawa, bayan ribut in yi cat /proc/device-tree/model, in kalmar ba ta fito ba na san aikin banza nake ta yi.

Akwai kuma gajeriyar hanya ta gwaji a I2C da ba sai ka taɓa bishiya ba:

echo bme280 0x76 > /sys/bus/i2c/devices/i2c-1/new_device

Wannan kai tsaye kake gaya wa kanel ga na'ura a nan. In direba ya kama ya yi aiki, ka wanke waya ka wanke direba, laifin na bishiya ne. Da ribut yake tafiya, don haka gwaji ne ba gyara ba.

To in kanel ya san da na'ura amma ba direba fa? Tambaya ta farko, an ma gina direban kuwa? A kwamfutar tebur ana zuba kusan komai, amma a kanel ɗin da aka rage don ƙaramin bod abin da ba a zaɓa ba babu shi. zcat /proc/config.gz | grep BMP280 zai gaya maka, muddin kanel ɗinka na da wannan fayil ɗin, y yana nufin yana cikin kanel, m yana nufin modul ne daban, in ka ga is not set to ka samu amsarka. In m ne sai ka duba lsmod ko an loda, in ba a loda ba yi modprobe da hannu ka ga abin da zai ce. Ya ce bai samu ba, to duba /lib/modules, sunan foldar da ke ciki dole ya zama daidai da abin da uname -r ya nuna, don in ka sabunta kanel ka bar tsofaffin modul za su zauna ne kawai ba mai kallonsu, in ka tilasta da insmod kuma ya ce Invalid module format. In ka kwafa modul da hannu, kar ka manta depmod -a. Yocto da Buildroot kayan haɗa wa bod nasa Linux ne. Masu Yocto su lura gina modul daban shigar da shi cikin imej daban, masu Buildroot kuma in devtmpfs kaɗai aka zaɓa ba mdev ba eudev, to babu mai loda modul da kansa, sai ka sa a sikirif ɗin but. Wannan yana ruɗa mutane sosai don da hannu yana aiki, bayan ribut kuma ya ɓace.

Yanzu a ce suna ya dace, an kira direba, ya zo ya gwada ya faɗi. Nan ne yawanci za ka ga probe da failed with error da wata lamba mai alamar ragi a gaba, kuma lambar nan ba ado ba ce. -121 ko -6 a I2C na nufin an kira cif bai amsa ba, koma waya da adireshi da riset. -110 an jira har lokaci ya ƙare, sau da yawa layi ne ya maƙale ko babu kulok ko intarof bai iso ba. -16 wani ya riga ka kama abin, ƙafa ko adireshi. -22 akwai abin da ka rubuta a bishiya da bai yi masa ba. -19 ya duba ya ce wannan ba na'urar da ya sani ba ce. -2 bai samu wani abin da ya nema ba, sau da yawa famwaya, wato fayil ɗin da direba ke lodawa cikin cif.

Sai -517, wadda ita ba faɗuwa ba ce, cewa yake "a dawo mini anjima". Direba ya zo ya tarar abin da ya dogara da shi bai shirya ba, regyuleto ko kulok ko GPIO na wani cif, sai kanel ya sa shi a layin jira ya sake gwadawa daga baya. In ka gan ta sau ɗaya ko biyu a farkon but sannan abu ya kama, ba komai, haka tsarin yake. Matsalar ita ce in wanda ake jira ba zai taɓa zuwa ba, misali ba a gina nasa direban ba, to naka zai zauna a layi har abada kuma sau da yawa ba tare da wani kuka a log ba. Ga inda ake kama shi:

mount -t debugfs none /sys/kernel/debug
cat /sys/kernel/debug/devices_deferred

Duk wanda ke cikin jerin nan jira yake, kuma a sababbin kanel har dalili yakan rubuta a gefe. Sai ka bar na'urarka ka bi wanda take jira, wani lokacin shi ma wani yake jira, ka bi har ka kai tushe. Tunda ka shiga debugfs, leƙa clk/clk_summary da regulator/regulator_summary da gpio, za ka ga me ke kunne me ke kashe. Ƙafar riset ma a duba ta da mita, in ka rubuta GPIO_ACTIVE_HIGH inda ya kamata LOW to direba da hannunsa zai danne cif a riset yana kuma kiransa. Kuma ba kowane layi mai kama da gargaɗi ne matsalarka ba, irin su using dummy regulator yawanci ba komai ba ne, kar ka ɓata yini a kansu.

Abin da ke saurin shige wa mutum kuma shi ne rabon ƙafafu. A cif ɗin zamani ƙafa ɗaya tana iya zama I2C ko UART ko GPIO ko wani abu, sai wanda aka zaɓa mata. Bas zai fito a /dev lafiya, direbansa ya hau, amma siginar ba ta fita waje don ƙafar tana hannun wani aikin. Duba pinmux-pins a ƙarƙashin /sys/kernel/debug/pinctrl ka ga wa ya riƙe ta, ka kuma nemi already requested a dmesg.

SPI kam ya fi rashin kunya, don shi babu amsawa a tsarinsa, za ka aika ko babu kowa a can ya ce maka an aika. Alamar ita ce duk abin da ka karanta 0x00 ne ko 0xFF. Haɗa MOSI da MISO, wato layin fita da na shiga, da guntuwar waya ka gwada da spidev_test, in abin da ka aika ya dawo to bas lafiya, saura ka duba ƙafar CS mai zaɓen cif, da mod ɗin kulok cikin huɗun nan 0 zuwa 3, ka kuma sauke spi-max-frequency ƙasa sosai kamar 1MHz har sai ya yi magana sannan ka riƙa ɗagawa. Kuma sababbin kanel ba sa karɓar "spidev" tsagwaronsa a matsayin compatible, tsofaffin misalan intanet da yawa sun mutu a nan.

USB ya fi sauƙi tunda yana faɗin sunansa. lsusb, in bai fito ba kwata-kwata canza kebul kafin komai, akwai kebul na caji kawai da babu wayoyin data a ciki, fitila za ta kama kai kuma ka ɗauka komai daidai. In dmesg na ta maimaita device descriptor read da error -71 ko -110, ko na'urar na shiga tana fita, ka fi zargin wuta da kebul. USB 2.0 500mA ya yi alkawari, modem na GSM kuwa lokacin da yake neman netwok yakan fizgi kusan 2A na ɗan lokaci, nan take ya faɗi ya sake tashi, hob mai wutarsa daban shi ne magani. A Raspberry Pi vcgencmd get_throttled zai nuna maka in wuta ta taɓa yin ƙasa. Ka kuma tabbata tashar tana matsayin mai masauki, wato host, don tashar OTG in dr_mode ɗinta na kan peripheral ko me ka jona ba za ta kula ba. In ya fito a lsusb, yi lsusb -t ka ga ko akwai direba a gabansa. 1a86:7523 CH340 ne direbansa ch341, 10c4:ea60 na cp210x ne, 0403:6001 na ftdi_sio. Wani lokacin cif ɗin sananne ne amma mai na'urar ya canza lambar, sai ka rubuta lambobin biyu cikin fayil ɗin new_id na direban a ƙarƙashin /sys/bus/usb-serial/drivers ya gwada kamawa. Modem da yawa kuma suna fara fitowa a matsayin faifan CD, sai usb_modeswitch ya juya su.

Na Wi-Fi da Bluetooth yawanci famwaya ce ke kayar da su, za ka ga Direct firmware load for wani suna failed with error -2, sunan fayil ɗin da yake nema yana nan a rubuce, nemo shi ka sa a /lib/firmware daidai da foldar da ya ambata. In fayil yana nan amma har yanzu -2, duba ko direban y ne ba m ba, don in yana cikin kanel yakan tashi ya nemi fayil tun kafin a hau rutfs, inda /lib/firmware ɗin yake, sai ka mayar da shi modul ko ka cusa famwayar ta CONFIG_EXTRA_FIRMWARE.

In duk ka bi wannan ba ka ga inda ta tsinke ba, sa kanel ya yi surutu. In an gina shi da dainamik dibog:

echo 'file dd.c +p' > /sys/kernel/debug/dynamic_debug/control

dd.c shi ne wurin da ake haɗa na'ura da direba, zai riƙa faɗin wa aka gwada da wa. Ba sai ka yi ta ribut ba, rubuta 1-0076 cikin fayil ɗin unbind ko bind na direban a /sys/bus/i2c/drivers ka sa ya sake gwaji kana kallon dmesg. In har nan ma babu haske, lojik analaiza ko da ƙarami ne, ka ɗora a SDA da SCL ka ga da idonka ko adireshin na fita, kuma ko a bugu na tara cif ya ja layin ƙasa, wannan jan shi ne amsawarsa.

Masu Zephyr, wani ƙaramin tsarin da ba Linux ba, su ma bishiya suke amfani da ita, sai dai tasu a lokacin kompayil ake narkar da ita, don haka fayil ɗin zephyr.dts da ke foldar build shi ne gaskiyar abin da ya shiga, a kod kuma device_is_ready ke gaya maka ko direba ya tashi.

Saura guda ɗaya da ke ba ni dariya don ta kama ni fiye da sau ɗaya: komai ya yi aiki, kai ne kake dubawa a inda ba nan ba. Ba kowace na'ura ce ke fitowa a /dev da sunanta ba. BME280 ɗin nan in ya kama, je ka /sys/bus/iio/devices/iio:device0 ka yi cat in_temp_input, zai ba ka lamba kamar 27350, wato digiri 27.35, raba da dubu ake yi. Wasu masu auna zafi suna /sys/class/hwmon, agogo yana /dev/rtc0 ko rtc1 in bod ɗin yana da nasa na ciki, hwclock -r -f /dev/rtc1 zai karanta maka shi. Kuma da zarar direban kanel ya kama adireshi, i2cget zai fara ce maka Device or resource busy, sai ka zaɓa, ko ka karanta ta hannun direban ko ka yi masa unbind ka ci gaba da magana da cif ɗin da kanka.